Wanda Aka Tura Gola: Darasi Daga Rayuwar Ike Shorunmu

 

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wata hidima ta kai mu Dutsen Abba. Bayan sallar la'asar muna tsaye a bakin hanya muna jiran abin hawan da zai mayar da mu Tudun Wada, sai muka ji ihu daga wani fili da ke kusa. Muka leƙa, ashe yaran unguwanni biyu ne suke karawa. An kafa gora biyu a kowane gefe, an ɗaura igiya a sama, faɗin da tsayin duk irin na manya. Ƙura kuwa ba a magana.

Wanda ya ɗauki hankalinmu shi ne golan ɗaya ɓangaren, wani ɗan siririn yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ko sha uku ba, ya zura silifas ɗinsa a hannu a madadin safa. Da idonmu mun ƙirga ƙwallo shida da ya tare, biyu daga ciki sai da ya faɗi a kan tsakuwa har gwiwarsa ta goge. Ana gab da tashi, wani dogo ya ɗaga ƙwallo daga nesa, ta bi ta saman kansa ta wuce ƙarƙashin igiya. Yaron ya yi tsalle iya ƙarfinsa, amma ko kusa hannunsa bai kai ba. Aka tashi ɗaya da nema.

Nan fa 'yan ƙungiyarsa suka yi masa ca. Wannan ya ce kwando, wancan ya ce rariya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ɗan gaban da muka ga ya ɓarar da ƙwallo uku shi da gola kaɗai. Dama an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Muka kira yaron gefe, muka ce, "Samari, yaya aka yi ka zama gola?"

Ya ce, "Wallahi Malam ba ni na zaɓa ba. Ni ne ƙarami, sai suka ce ko in tsaya a gola ko in koma gefe in yi kallo." Ya mayar da silifas ɗinsa ƙafa, ya ƙara da cewa, "Amma daga yau na daina."

Kafin mu ba shi amsa mai kyau abin hawa ya iso. To ga amsar yau, a gare shi da duk wani ɗan makaranta da aka taɓa turawa gola don an raina shi. Za mu ba ku labarin wani mai tsaron gida da ya sha jira, ya sha rashi, aka karɓe masa wuri aka ba yaro, amma daga ƙarshe kofin da ya kuɓuce masa yana ɗan wasa ya same shi yana malami. Sunansa Ike Shorunmu.

Shekarun jira

An haifi Shorunmu a Legas a shekarar 1967. Ya yi suna a ƙungiyar Stationery Stores ta Legas, ya tsare wa Shooting Stars ta Ibadan gida, daga nan ya haye Turai, inda ya buga wa Basel da Zurich a ƙasar Suwizalan, sannan Besiktas a Turkiyya. A ƙungiyoyinsa ba a yi masa gardamar iyawa ba. Matsalarsa tana wajen tawagar ƙasa.

Ku lura da wani bambanci. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya idan bai samu shiga tun farko ba, yana sa ran a sako shi bayan hutun rabin lokaci, ko a gwada shi a wani gurbin. Shi kuwa gola gurbinsa ɗaya ne tak, kuma koci ba ya canza gola haka siddan. Idan Allah ya haɗa zamaninka da wani gwani, kana iya share shekaru a benci. Shorunmu ya taso a zamanin Peter Rufai da Alloy Agu. Lokacin da Najeriya ta je gasar kofin duniya karon farko, a Amurka a 1994, masu tsaron gida uku da aka tafi da su su ne Rufai da Agu da Wilfred Agbonavbare. Babu sunan Shorunmu.

Da lokacinsa ya fara matsowa, sai siyasa ta gitta. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998 a Burkina Faso. Gasa biyu ke nan suka wuce shi yana cikin ganiyarsa, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Sai ga gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa. A wannan karon kowa ya san Shorunmu ne zai tsare gida. Gab da gasar ya ji rauni, dole aka cire sunansa, aka sake kiran Rufai, wanda shekaru suka riga suka fara ja. Shorunmu yana ɗan shekara talatin ya kalli gasar daga gefe kamar ni da ku, ya ga yadda muka ci Sifaniya 3 da 2, ya kuma ga yadda Denmak ta yi mana 4 da 1 ta koro mu gida.

Tun da mun ambaci wasan Sifaniya, bari mu tsaya kaɗan saboda ɗan'uwanmu na Dutsen Abba. Golan Sifaniya a ranar shi ne Andoni Zubizarreta, wanda ya buga wa ƙasarsa wasa 126. Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya shigo ta gefen hagu ya buga wata ƙwallo ƙasa-ƙasa da ba ta da wani ƙarfi, Zubizarreta ya kai hannu, sai ya tura ta cikin ragarsa da kansa. Duniya tana kallo. Idan mai wasa 126 zai yi irin wannan kuskure, to yaron da ƙwallo ta bi ta saman kansa ba shi da abin jin kunya.

Legas, shekarar 2000

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A farkon shekarar 2000 Najeriya da Ghana suka karɓi baƙuncin gasar kofin Afirka, har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha da ke Kano. Shorunmu ne golan Najeriya. Muka fitar da Senegal da ƙyar, Julius Aghahowa ya ci biyu. Muka fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe, Tijjani Babangida, shi ma ɗan Kaduna, ya ci biyu. Ranar 13 ga Fabrairu aka haɗu da Kamaru a wasan ƙarshe a babban filin wasa na Surulere.

Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka fara zura mana biyu. Raphael Chukwu ya rama ɗaya, Jay-Jay Okocha ya farke ta biyu da wani bugu daga nesa. Aka yi ƙarin lokaci ba a rabu ba, aka tafi bugun fenareti. Golan Kamaru ya tare ta Nwankwo Kanu. Ta Victor Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta faɗo ƙasa, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, alhali hoton talabijin ya nuna ta tsallake layi. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe ta wuce Shorunmu, Kamaru ta ɗauke kofi a gidanmu da ci 4 da 3. Ku tambayi iyayenku maza, har yau akwai waɗanda ba sa son a tayar da zancen wannan daren.

Bayan shekara biyu aka je Mali, Senegal ta rama, ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka dawo da matsayi na uku. Kofi ya sake wuce Shorunmu.

Ranar da yaro ya karɓi safa

A watan Yunin 2002, yana da shekara 34, Shorunmu ya samu abin da ya daɗe yana jira: ya tsaya a raga a gasar kofin duniya da aka yi a Japan da Koriya ta Kudu. Wasan farko da Ajantina ne, ya tare ƙwallaye da dama, amma Gabriel Batistuta ya ci ɗaya da ka, aka tashi a haka. Wasa na biyu Aghahowa ya fara ci, Henrik Larsson na Suwidin ya rama biyu. Shi ke nan an fitar da mu, saura wasan cika ƙa'ida da Ingila.

A wannan wasan na ranar 12 ga Yuni a birnin Osaka, koci Adegboye Onigbinde ya ajiye Shorunmu, ya sa wani yaro ɗan shekara 19 daga ƙungiyar Enyimba ta Aba, wanda ko a Najeriya ba kowa ya san shi ba. Sunansa Vincent Enyeama. A gabansa akwai David Beckham da Michael Owen da Paul Scholes. Scholes ya sako wata ƙwallo kamar harsashi, yaron ya taɓa ta ta daki turke. Aka tashi babu ci. Daga wannan rana gidan Najeriya ya zama na Enyeama, kuma ya riƙe shi fiye da shekara goma, har ya buga wa ƙasa wasa 101.

Ku auna wannan da kyau. Mutum ya jira tun yana saurayi, siyasa ta ci masa gasa biyu, rauni ya ci masa kofin duniya ɗaya, fenareti ta ƙwace masa kofin Afirka, da ya samu kofin duniyar kuma wasa biyu kawai ya buga aka miƙa wa yaro wurinsa. A unguwanninmu mun san yadda irin wannan labari yake ƙarewa. Tsohon ɗan wasa yakan koma gefen fili ko teburin mai shayi, duk yaron da ya taso ya ce ai bai iya komai ba, a zamaninmu ne aka yi ƙwallo.

Shorunmu ya bi wata hanyar. Da ya ajiye safa, sai ya koma koyar da masu tsaron gida. A ƙarshen 2011 aka naɗa Stephen Keshi kocin Super Eagles, a lokacin da Najeriya ta kasa samun ko gurbin zuwa gasar kofin Afirka ta 2012. Cikin mataimakansa akwai Daniel Amokachi, wani ɗan Kadunan, sai Shorunmu a matsayin mai horar da masu tsaron gida. Babban ɗalibinsa kuwa shi ne Vincent Enyeama, yaron nan da ya karɓi wurinsa a Osaka.

Aikin kocin gola ba na fitowa a hoto ba ne. Shi ne mai ɗaukar buhun ƙwallaye ya ware gefe da mutum uku, ya yi ta buga musu sama da ƙasa, dama da hagu, har gumi ya jiƙa kowa. Shi ne mai ɗumama jikin gola kafin a take wasa, mai nazarin inda 'yan gaban abokan karawa suka fi son buga fenareti, mai lallashin gola na biyu da na uku waɗanda suka san da wuya su taɓa ƙwallo a gasar. Wannan na ƙarshen kuwa ba wanda zai iya shi kamar wanda ya ɗanɗani benci da kansa.

A gasar kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, ƙwallo huɗu kacal aka zura wa Najeriya a wasa shida. Wani abin dariya, ɗaya daga ciki golan Zambiya ne, Kennedy Mweene, ya ci ta da fenareti. Muka fitar da Kodebuwa ta su Didier Drogba da ci 2 da 1, muka lallasa Mali 4 da 1 har Ahmed Musa ya ci ɗaya. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Sunday Mba ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya. A zagaye na biyu Wilfried Sanou ya buga wata ƙwallo da ta nufi kusurwar raga, Enyeama ya miƙe ya taɓa ta da bakin yatsunsa ta fita. Da ta shiga, Allah kaɗai ya san yadda daren zai ƙare. Najeriya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1994, shekara 19 ke nan. Shekara goma sha uku bayan daren Surulere, Shorunmu yana cikin waɗanda suka yi murna a tsakiyar fili.

A ƙarshen wannan shekarar Enyeama ya buga wa ƙungiyarsa ta Lille a Faransa wasan lig goma sha ɗaya a jere ba a ci shi ba, minti 1,062. A gasar kofin duniya ta 2014 a Brazil, shi ne ya ture ƙwallon Edin Dzeko ta daki turke a mintin ƙarshe, muka ci Bosniya ɗaya da nema. Amma a wasan Faransa ya fito ya tare bugun kusurwa, ƙwallo ta kuɓuce daga hannunsa, Paul Pogba ya sa kai ya ci. Ga gwani, ga kuskure, duk a gasa ɗaya. Haka sana'ar take.

Abin da malamin gola yake koyarwa

Mu dawo Dutsen Abba. Abin da muka gani a filin nan shi ne yaro mai zuciya wanda ba a taɓa koya masa komai ba. Ga kaɗan daga abubuwan da kowane kocin gola yake farawa da su, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi a ciki.

Na farko, tsayuwa. Gola ba ya tsayuwa a miƙe kamar soja, ba ya kuma dasa diddige a ƙasa. Yakan ɗan ranƙwafa, gwiwa a sake, nauyinsa a kan gaban tafin ƙafa, hannuwa a buɗe a gefen jiki. Lokacin da ɗan gaba ya ɗaga ƙafa zai buga, dole gola ya riga ya tsaya cak. Wanda ƙwallo ta samu yana cikin tafiya, da wuya ya tare ta.

Na biyu, kamu. Idan ƙwallo ta zo daidai fuska ko sama, manyan yatsu biyu su kusanci juna a bayanta, sauran yatsun a baje. Idan ta zo ƙasa, jiki ya kasance a bayan hannu, domin in ta kuɓuce ta daki ƙirji ko ƙafa. Silifas a hannu yana rage zafi, amma yana hana kamu, sai dai turewa. Gara hannu tsirara, ko a tara kuɗin tara a nemi safa ta gwanjo.

Na uku, rage fili. Ragar manya faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Wanda ya manne a kan layi ya bar wa ɗan gaba duk wannan faɗin. Idan ya matso taku biyu ko uku, yana tsakanin ƙwallo da tsakiyar raga, sai ragar ta ƙanƙance a idon mai bugu. Amma in ya matso da yawa za a ɗaga masa ta sama. Sanin daidai inda za a tsaya shi ne rabin aikin, kuma ba ya samuwa sai da maimaici. A nan muna da magana da masu kafa gora: yaro ɗan shekara goma sha biyu ko ya yi tsallen kura da wuya ya taɓa mita 2.44. Shi ya sa a ƙasashen da suka ɗauki wasan yara da muhimmanci ake yi musu ƙaramar raga daidai tsawonsu. Ku sauko da igiyar nan. Ƙwallon da aka ci ranar Asabar laifin igiya ne.

Na huɗu, faɗuwa. A faɗi a kan gefen jiki, cinya da haƙarƙari da kafaɗa, ba a kan gwiwar hannu ko ruf-da-ciki ba. A ƙasarmu ta rani mai tauri kamar daɓe, a fara koyo a kan yashi, daga zaune, sannan daga durƙushe, kafin a kai ga tsaye. Dogon wando da riga mai dogon hannu suna rage gurjewa.

Na biyar, murya. Gola ne kaɗai yake ganin filin gaba ɗaya. Dole ya riƙa gaya wa 'yan bayansa wanda za su riƙe, ya kuma yi ihu idan zai fito ya kama. Ko da kai ne ƙarami, a cikin da'irarka kai ne mai gida.

Na shida, ƙafa da sanin doka. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, don haka gola na yau dole ya iya karɓa da bayarwa kamar kowa. Wajen fenareti, wadda ake bugawa daga mita 11, dole aƙalla ƙafarsa ɗaya ta kasance a kan layi ko daidai da shi ko bayansa lokacin da aka buga. Daga 2025 kuma, golan da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, bugun kusurwa za a ba abokan karawa.

Gola da takarda

Wani zai ce, to ai gara in bar makaranta in rungumi ƙwallon gaba ɗaya. Kafin ka yanke wannan shawara, ji labarin Joseph Dosu. Shi ne golan da ya tsare wa Najeriya gida a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda muka ci Brazil da Ajantina muka ɗauko zinare, Emmanuel Babayaro ɗan Kaduna yana mataimakinsa a benci. Ƙungiyar Reggiana ta Italiya ta saye shi. A 1997 ya yi haɗarin mota a Legas, ya ji rauni a ƙashin baya, ƙwallonsa ya ƙare ke nan yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Carl Ikeme ma yana kan ganiyarsa aka gano yana da cutar sankarar jini a 2017, dole ya ajiye wasa a shekarar da ta biyo. Jiki amana ne, ba a san ranar da zai ce ya gaji ba.

Gaskiya ne gola yakan daɗe fiye da sauran 'yan wasa. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40, daga baya ya zama kocin ƙasar har ya kai ta wasan ƙarshe na kofin Turai a 2000. Essam El-Hadary na Masar ya tare fenareti a wasansu da Saudiyya a kofin duniya na 2018 yana da shekara 45. Amma ko an kai 45 ɗin, akwai sauran rayuwa a gaba, kuma rabin na biyu da ilimi ake cinsa. Koci yana zama a aji, yana rubuta jarrabawa, yana karɓar takardar shaida mataki-mataki daga hukumar ƙwallon Afirka. Yana rubuta tsarin atisaye, yana karanta rahoton likita, yana karanta kwantiragi kafin ya sa hannu. A Legas akwai cibiyar horar da harkokin wasanni ta ƙasa da ke yaye masu horarwa. A nan Zariya kuwa ba sai an yi nisa ba, Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar horar da malamai da muka fi sani da FCE duk suna koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Ba a shiga ko ɗaya sai da sakamakon sakandare.

Masu zuwa gidan kallo sun san Nuno Espirito Santo, wanda ya horar da Wolves da Tottenham da Nottingham Forest a Ingila. Shi ma gola ne, kuma yawancin zamansa a Porto a benci ya yi shi, har da shekarar 2004 da suka ci kofin zakarun Turai a ƙarƙashin Jose Mourinho. Wani yana zama a benci yana ƙunƙuni, wani yana zama yana kallon yadda ake tsara wasa. Alloy Agu da muka ambata ɗazu, wanda ya zauna a bayan Rufai a 1994, shi ne kocin masu tsaron gidan Najeriya a kofin duniya na 2018 a Rasha. Enyeama ma da ya yi ritaya ya fara koyar da masu tsaron gida a wata ƙaramar ƙungiya a arewacin Faransa. Kun ga sarƙar: kowa ya karɓa daga na gabansa ya miƙa wa na baya.

Kada kuma ku ɗauka hanyar ta yi mana nisa. Kakanninku da suka saurari ƙwallo a rediyo a shekarun 1960 za su ba ku labarin Inuwa Lawal Rigogo, golan ECN ta Legas da tawagar ƙasa, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku ɗan gida ne. Theophilus Afelokhai ya yi shekaru yana tsare wa Kano Pillars gida a zamanin da ta ci lig sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Stanley Nwabali, wanda ya tare fenareti biyu na Afirka ta Kudu a watan Fabrairun 2024 ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka, daga Katsina United ya tafi ƙasar waje a 2022. 'Yan mata ma ga Chiamaka Nnadozie, wadda ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada a kofin duniya na mata a 2023.

Saƙonmu

Ga malaman wasanni na makarantunmu: a kowane atisaye a ware wa masu tsaron gida ko da minti goma sha biyar nasu na kansu, kada aikinsu ya tsaya a tsayuwa ana gwada ƙarfin ƙafa a kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga tsofaffin gololin unguwa da suka koma kasuwa da gona da kabu-kabu: akwai yaro a layinku da yake buƙatar abin da kuka sani, yamma ɗaya a mako ta isa. Ga 'yan gaba masu saurin ɗaga murya: kafin ka kira wani kwando, ƙirga waɗanda ka ɓarar.

Kai kuma ƙanenmu na Dutsen Abba, in wani ya kai maka wannan shafi, ga abin da muka so gaya maka ranar. An tura ka gola don kai ne ƙarami, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya tura ka ka faɗa kan tsakuwa sau biyu, kai ka ga dama. Mun ƙirga shida da ka tare. Ka wanke gwiwar nan da ruwan ɗumi da gishiri, ka je makaranta ranar Litinin, ranar Asabar kuma ka koma raga, ka ce a sauko da igiya.

Aikin gida na wannan mako: duk wasan da za ku kalla, a fili ne ko a talabijin, ku ɗauki minti goma kuna kallon gola kaɗai a duk lokacin da kuke iya ganinsa, ko ƙwallo tana kusa ko tana nesa. Ku rubuto mana abin da kuka ga yana yi, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga wasiƙu uku da suka fi kyau.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.